Ba jiki ne ke sabawa da magani ba

Daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka, lokacin da zazzaɓin cizon sauro kan kwantar da mutum uku ko huɗu a gida ɗaya, akwai maganar da ake yawan ji a shagunan sayar da magani na Birnin Kudu da Babaldu da Gwaram da Sara: "Jikina ya saba da ƙwaya, ba ta yi mini, sai allura." Ba manomi da tsohuwar ƙauye kaɗai ke faɗinta ba. Malamin sakandare yana faɗinta, ma'aikacin sakatariyar ƙaramar hukuma yana faɗinta, mai digiri biyu ma yana faɗinta, kuma da ƙarfin gwiwar wanda ya san abin da yake yi. Sai a yi masa allura ɗaya kullum har kwana uku, zazzaɓi ya sauka, ya koma bakin aiki yana yabon kansa cewa ya san jikinsa.

Maganar nan kuskure ce ta fuska biyu. Jikin ɗan Adam ba ya sabawa da maganin maleriya, domin ba jikin maganin yake yaƙa ba. Abin da ke iya bijire wa magani ita ce ƙwayar cutar da ke cikin jini, kuma idan ta bijire ba ta tsayawa a jikin wanda ta fara bijirewa a cikinsa, sauro zai ɗauke ta ya kai wa jaririn maƙwabta. Sannan allurar kwana ukun da ake gudu gare ta, ba tare da an biyo ta da ƙwayoyin da suka kamata ba, tana cikin hanyoyi mafi sauƙi na renon irin wannan ƙwayar cuta. Mai neman allura yana ganin lafiyarsa kawai ya saya da kuɗinsa, alhali kuwa wani abu ne mallakar kowa yake gutsura.

Kafin a fahimci dalili, sai an san girman rundunar da ake magana a kanta. Ƙwayar cutar da ta fi kisa a ƙasar Hausa, wadda masana ke kira Plasmodium falciparum, tana shiga jiki ne da yawun macen sauro, ta wuce hanta ta yi kamar mako guda tana hayayyafa shiru. Ƙwaya ɗaya tak kan fito daga hanta ta zama dubbai. Daga nan sai su afka cikin jajayen ƙwayoyin jini, kowace ta shiga ɗaya, ta ci abin da ke ciki, ta rabu gida goma sha shida ko fiye, ta fasa ƙwayar jinin ta fito, duk a cikin awa 48, sannan a sake sabon zagaye. Kafin babban mutum ya fara rawar ɗari, adadinsu a jikinsa ya kai miliyoyin ɗaruruwa. Mai jin jiki sosai kuwa yana iya ɗauke da biliyan 100 ko fiye.

Duk lokacin da ƙwayar cuta ta rabu, sai ta kwafi kundin halittarta ta ba 'ya'yanta, kuma kowane mai kwafi yakan yi kuskure jefi-jefi. Mafi yawan kurakuran ba su da amfani, wasu ma su kan kashe mai ɗauke da su. Amma a cikin biliyoyi, wata rana akan sami wadda kuskuren nata ya zo daidai da inda magani ke kamawa. Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, su zaci maganin ne ya koya mata dabara. Magani ba ya koyar da komai, tankaɗe kawai yake yi. Idan ya zo da ƙarfinsa ya daɗe yadda ya kamata, ya share kowa da kowa, har da mai ɗan taurin kan. Idan kuwa ya zo rabi-rabi, sai ya kashe raunana ya bar mata fili, ba abokin gasa, ga jini ga abinci. Manomin Gwaram da ya taɓa tsinka maganin feshi da ruwa fiye da kima don ya isar masa gona ya san yadda labarin ke ƙarewa: ciyawar da ta tsira ita ce ke zubar da irin baɗi.

Wannan ba hasashe ba ne, ya taɓa faruwa a nan, kuma duk wanda ya haura shekara 40 ya shaida shi ko da bai san sunansa ba. Kulorokwin, maganin nan mai ɗaci da ke sa ƙaiƙayi har sai an haɗa da Piriton, an fara harhaɗa shi a Jamus a 1934, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya zama ginshiƙin yaƙi da maleriya a duniya, saboda arha da sauƙin sha. Aikinsa abin sha'awa ne. Ƙwayar cutar tana cin sinadarin da ke sa jini ja, amma a cikinsa akwai wani ɓangare mai ƙarfe wanda guba ne gare ta, don haka sai ta dunƙule shi ya zama tsakuwa marar illa. Kulorokwin yana taruwa a cikin tumbinta ya hana wannan dunƙulewa, sai dattin abincinta ya kashe ta. A ƙarshen shekarun 1950, a iyakar Tailan da Kambodiya, da kuma ƙasar Kolombiya, aka fara ganin ƙwayoyin cutar da suka sami canji a wata ƙofa da ke bangon tumbin nasu, ƙofar da ta koma tana fitar da maganin waje kafin ya yi aiki. A 1978 aka same su a Kenya da Tanzaniya. Kafin ƙarshen shekarun 1980 sun iso Najeriya. Sai a shekarar 2000 masana suka gano ainihin ƙwayar halittar da ta canza, lokacin da ɓarna ta riga ta yi nisa.

Ɓarnar kuwa ba ƙarama ba ce, sai dai ta zo ba amo. Ba a wayi gari an ga kulorokwin ya daina aiki ba. Zazzaɓi yakan sauka, bayan mako biyu ya dawo, a ce sabon sauro ne ya ciji yaro, a sake ba shi, ya sake dawowa, jini yana ta raguwa har a kai ga neman ƙarin jini. A Senegal, inda aka daɗe ana rubuta mace-macen wasu yankuna uku na karkara, Jean-François Trape da abokan aikinsa sun nuna a 1998 cewa bayan isowar ƙwayar cuta mai bijirewa, mutuwar yara saboda maleriya ta ninka sau biyu da ɗoriya a yankuna biyu, ta ninka fiye da sau biyar a na uku. A ƙauyukan kudancin Jigawa ba wanda ke riƙe da irin wannan littafi a wancan zamani, don haka yaran da suka tafi an ce kwanansu ne ya ƙare, ko shawara ce, ko iska. Fansidar da aka koma gare shi bai daɗe ba shi ma ya fara rauni, saboda ƙwayar cutar ta tara canje-canje ɗaya bayan ɗaya a wuraren biyu da yake kamawa. Sai a 2005 Najeriya ta sauya manufarta a hukumance, ta ajiye kulorokwin ta ɗauki haɗin magani mai atimisinin, wanda ake taƙaita sunansa da ACT.

Atimisinin kyautar Sin ce ga duniya. An same shi ne daga wani shiri na sirri da gwamnatin ƙasar ta fara a 1967 don ceton sojoji a yaƙin Biyetnam, inda Tu Youyou da tawagarta suka tace shi a 1972 daga wani ganye ɗan'uwan tazargade, aikin da ya jawo mata kyautar Nobel a 2015. Ba a taɓa samun maganin maleriya mai saurinsa ba: a kowane zagaye na awa 48 yana rage adadin ƙwayoyin cutar sau 10,000. Amma yana da aibi ɗaya babba, ba ya zama. Cikin 'yan awoyi jiki ya fitar da shi.

Lissafin a nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne gaba ɗayan hujjar. A ɗauki majiyyaci mai ƙwayoyin cuta biliyan 100. Kwana uku na magani yana taɓa zagaye biyu ne kawai. Bayan na farko saura miliyan 10. Bayan na biyu saura 1,000. Mutum ba ya jin dubu a jikinsa, ba ya ma jin miliyan, zazzaɓi ya riga ya tafi tun rana ta biyu, ya ci tuwo ya yi wanka. Amma dubun nan suna da rai, kuma ba dubun banza ba ne, su ne waɗanda suka fi jure wa maganin a cikin biliyan 100. Da atimisinin kaɗai za a dogara, da sai an yi kwana bakwai ana ba da shi. Shi ya sa aka aura masa abokin tafiya mai nauyin jiki, kamar lumefantirin ko amodiyakwin, wanda ba shi da sauri amma yakan kwana da kwanaki a jini yana tsince ragowar. Akwai kuma hikima ta biyu. A misali, idan ƙwayar cuta ɗaya cikin biliyan ce ke iya jure wa magani na farko, ɗaya cikin biliyan kuma ke jure wa na biyu, to samun wadda ta haɗa duka biyun a lokaci guda sai an tara biliyan sau biliyan, adadin da ba jikin da ke ɗauka. Kowane ɗaya yana tsare bayan ɗan'uwansa. Wannan ne ya sa cikakken maganin babba ya zama sha shida cikin kwana uku, na biyu bayan awa takwas da na farko, kuma da abinci mai maiƙo ko madara, domin lumefantirin ba ya shiga jini sosai a cikin wofi.

To me ke cikin allurar kwana uku? Atimita ce, ko atiita, ko atisunet, dukansu 'ya'yan atimisinin ne, kuma kowace ita kaɗai take tafe, ba abokin tafiya. Gaskiya ne masu mai a cikinsu sun ɗan fi daɗewa a jiki, amma shigarsu jini daga tsoka ba ta da tabbas, kuma ko sun daɗe magani ɗaya ne dai. Tun 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi kamfanoni su daina sayar da ƙwayoyin atimisinin zalla, a 2007 babban taronta ya zartar da ƙuduri a kan haka, kuma Najeriya ta bi sahu. An toshe ƙofar gaba, aka bar taga a buɗe. Abin da aka haramta a ƙwaya shi ne ake sha ta sirinji, kuma da tsada, har ana ganin ci gaba ne.

Ita allurar ba abar zargi ba ce. Atisunet ta jijiya tana cikin manyan abubuwan da suka ceci yaran Afirka a wannan ƙarni. Wani babban gwaji da aka yi a ƙasashe tara, har da asibitin Ilori, wanda aka wallafa a 2010, ya nuna ta rage mutuwar yara masu matsananciyar maleriya da fiye da kashi 22 cikin ɗari idan aka kwatanta da kwinin. Yaron da aka kawo Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu yana jijjiga, ko ya suma, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, ita ce hakkinsa. Ƙa'idar kuma a bayyane take: allura aƙalla na awa 24, da zarar ya iya haɗiya sai a ba shi cikakken ACT na kwana uku. Ba a sallamar mutum da allura kawai. Wanda ya tako da ƙafarsa zuwa kemis, ya yi ciniki, ya biya ta waya, ba shi cikin wannan rukuni. Takobin da aka ajiye don ranar yaƙi yake yanka albasa da shi.

Wani zai ce ai har yanzu magani yana aiki a Najeriya, me ya kawo tayar da hankali? Yana aiki, kuma wannan ne ma dalilin yin maganar yanzu. A 2008 da 2009 aka fara ba da rahoton cewa a yammacin Kambodiya, a yankin Pailin, kusa da inda kulorokwin ya fara faɗuwa, atimisinin yana ɗaukar lokaci fiye da da kafin ya share jini. Yanki ne da aka shafe shekaru ana sayar da shi zalla, ga na jabu. A 2014 aka gano canjin a wata ƙwayar halitta da ake kira kelch13. Dabarar tata daban ce da ta zamanin kulorokwin, kuma ta fi ban mamaki. Atimisinin ba ya zama guba sai ya haɗu da ƙarfen nan da ke fitowa daga abincin ƙwayar cutar. Mai ɗauke da canjin sai ta rage ci a farkon rayuwarta cikin ƙwayar jini, kamar mai azumi, har maganin da dama ba ya zama ya wuce, sannan ta ci gaba da harkarta. Ba ta fi ƙarfinsa gaba ɗaya ba, shi ya sa masana ke kiran abin bijirewar wani ɓangare. Sai dai illar ita ce, maimakon dubu a bar wa abokin tafiya, sai a bar masa miliyoyi ya yi fama da su shi kaɗai. Haka ta faru da haɗin da Kambodiya ta dogara da shi, mai fiferakwin: kafin 2019 yana kasa warkar da kusan rabin majiyyatan da aka gwada a sassan yankin.

An daɗe ana fargabar cewa jirgi zai kawo wannan ƙwayar cuta Afirka daga Asiya, kamar yadda ta faru da kulorokwin. Ashe ba ta buƙatar jirgi. A 2020 aka ba da rahoton canji a kelch13 a Ruwanda, a 2021 wasu daban a arewacin Yuganda, daga baya wani kuma a Eritiriya, kuma binciken asalinsu ya nuna a nan Afirka suka tsiro, kowane da kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da lamarin a ƙasashe huɗu, Ruwanda da Yuganda da Eritiriya da Tanzaniya, tana kuma zargin akwai shi a wasu, ciki har da Habasha da Sudan. Najeriya ba ta cikin jerin. Amma duk Bahaushen da ya san tarihin hanyar Gabas, da zuriyar da ke Mai Wurno da Gadarif da Kasala, ya san Sudan ba nesa ba ce. Darasin Ruwanda ma ya fi wannan zafi: ba sai baƙuwa ta zo ba, duk inda aka tanadi yanayin, 'yar gida za ta tsiro. A tsarin da Hukumar ta fitar a Nuwambar 2022 don tunkarar matsalar a Afirka, amfani da atimisinin shi kaɗai da rashin kammala magani da magunguna marasa inganci suna cikin abubuwan da ta lissafa. Ƙasar da ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu maleriya a duniya, da kusan kashi ɗaya cikin uku na mace-macenta, ita ce ke da rundunar ƙwayoyin cuta mafi yawa, wato ita ta fi kowa yawan ƙuri'u a wannan caca.

An saba ɗora laifin a kan talaka: ba ya kammala magani, yana raba kati ɗaya ga yara biyu, yana ajiye saura don gaba. Yana yi, ba musu. Amma uwar da ke wani ƙauye bayan Basirka, wadda kuɗin hannunta na rabin kati ne, kuma rafi ya cika tsakaninta da asibiti, ba zaɓi ta yi ba, rashi ne. Mai kemis ɗin da ya yanka mata katin da almakashi shi ne kaɗai ma'aikacin lafiyar da ke buɗe da dare a garin, kuma idan ya hana ta, hannu wofi za ta koma. Maganin wannan matsala sananne ne, an ma taɓa gwada shi: tsakanin 2010 da 2012 Najeriya tana cikin ƙasashen da aka yi tallafin ACT mai tambarin koren ganye, farashi ya sauko a shaguna. Hukuma ce za ta iya wannan, ba wa'azi ba.

Wanda ba shi da uzuri shi ne mai albashi. Yana da kuɗin cikakken magani har da canji. Yana iya karanta takardar da ke cikin kwali. Shi ne ke ƙin gwajin jini na minti 15, ko a yi gwajin ya nuna babu ya ce na'urar ce ba ta gani, shi ya san maleriyarsa. Shi ne ke shiga ɗakin gwaji ya fito da takardar "maleriya da taifot" duk wata biyu, kamar mai karɓar albashi na biyu, a rataya masa ƙarin ruwa mai launin rawaya don ya ji an yi masa aiki. Sau da yawa abin da ya sa yake ganin ƙwaya ba ta yi masa ba shi ne, tun farko ba maleriya ke damunsa ba: mura ce, ko ciwon mafitsara, ko gajiya, ko hawan jinin da bai taɓa aunawa ba. Tun 2010 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a gwada kafin a ba da magani. Kowane kati da aka sha ba cuta yana barin wutsiyar lumefantirin mai rauni a jini na makonni, kuma duk ƙwayar cutar da sauro ya kawo a wannan tsakani tana haɗuwa da magani ɗaya, a raunane, wato ainihin tankaɗen da ake gudu. Mafi muni, ɗabi'ar mai ilimi ita ce ma'aunin unguwa. Idan Malam allura yake yi, to ƙwaya ta zama maganin marasa galihu, kuma kowa zai yi ƙoƙarin kai ɗansa matsayin allura.

Haka nan masu jiƙa tazargade su sha da sunan ai daga ganye Turawa suka samo maganin. Ba wanda ya san adadin sinadarin da ke cikin kofi ɗaya na jiƙo, ko ma akwai shi, kuma idan akwai, to atimisinin ne zalla ɗan kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili a 2019 ta ce ba ta goyon bayan amfani da ganyen ta wannan hanya.

Sauran nauyin na masu lasisi ne da masu ba da lasisi. Dokar da ta kafa shagunan da ake kira kemis ba ta ba masu su izinin yin allura ba, kuma Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Najeriya ce ke da alhakin sa ido a kansu. Duk wanda ya taɓa leƙa bayan labulen irin waɗannan shaguna ya san nisan da ke tsakanin doka da aiki. An yi babban yunƙuri a 2024 na tayar da dillalan magani daga Sabon Garin Kano zuwa cibiyar Dangwauro, inda NAFDAC za ta iya sa ido, kuma hakan ya shafi kudancin Jigawa kai tsaye tunda daga Kano ake saro yawancin kayan. Amma ingancin kwalba abu ɗaya ne, wanda aka tsira wa ita kuma abu ne daban. Ingantacciyar atisunet da aka yi wa mai ciwon kai ba ta fi ta jabu amfani ga al'umma ba. A kuma faɗi gaskiya, ba a kemis kaɗai abin ya tsaya ba. Akwai ƙwararrun da ke rubuta allurar saboda majiyyaci ya nema, ko saboda ta fi kawo kuɗi, ko don gudun kada a ce ba su iya aiki ba. Su sun karanta lissafin biliyan 100 a makaranta.

Akwai wani magani kuma da ke buƙatar irin wannan tsaro. Jigawa tana cikin jihohin farko, tare da Katsina, da aka fara rabon maganin rigakafin damina ga yara 'yan wata 3 zuwa 59, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012. Masu rabo suna ba yaro na ranar farko a gabansu, su bar wa uwa na rana ta biyu da ta uku. Shirin yana hana zazzaɓi sosai, amma ya tsaya ne a kan dangin Fansidar da amodiyakwin, tsofaffin magungunan da ƙwayar cutar ta riga ta san hanyar bijire musu. Ƙwayoyi biyun da ake barin wa uwa su ne ke tsare shirin. Duk gidan da aka jefa su a kwanon sama, ko aka ajiye su sai yaro ya yi zazzaɓi, an taimaka wajen rage masa kwana.

Jihar nan ta fi kowace sanin cewa maleriya ba ta yafe sakaci. A Garki, can arewacin Jigawa ta yau, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar da ɗaya daga cikin manyan binciken maleriya a tarihi, daga 1969 zuwa 1976, da feshin gidaje da rabon magani ga ƙauyuka sukutum. Cutar ta ragu ƙwarai, amma ba ta katse ba, kuma da aka janye hannu ta koma yadda take. Ma'anar wannan ita ce yankin zai daɗe yana buƙatar magani mai aiki, shekara bayan shekara. Allurar rigakafin R21 da aka fara a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024 tana rage kamuwa ne, ba ta warkar da wanda ya kamu. Sababbin magungunan da ake gwadawa kuwa, ko sun yi nasara, tsakanin amincewa da su da isowarsu shagon Sara a farashin da manomi zai iya akwai shekaru.

Abin ƙarfafa gwiwa ɗaya shi ne bijirewa tana da tsada ga ƙwayar cutar kanta. Mai ɗauke da canji yawanci ba ta kai 'yan'uwanta saurin hayayyafa ba, magani ne kawai ke ba ta fifiko. Malawi ta janye kulorokwin gaba ɗaya a 1993. Masu ɗauke da canjin, waɗanda suka kai kashi 85 cikin ɗari a Blantyre a 1992, suka ragu zuwa kashi 13 a 2000, kuma a gwajin da aka wallafa a 2006 kulorokwin ya warkar da kashi 99 cikin ɗari na yaran da aka ba. Wato halin mutane da hukuma yana juya akalar abin, gaba ko baya. Sai dai Malawi tana da wani maganin da ta jingina da shi a tsawon shekarun nan goma sha uku. Idan atimisinin ya faɗi yau, babu na jingina a kan kanta.

Ganin alamar farko ba ya buƙatar na'urar biliyoyi. Ana ɗibar jinin majiyyacin da aka ba cikakken ACT a rana ta uku a duba da madubin likita. Idan ɗaya cikin goma ko fiye har yanzu suna ɗauke da ƙwayar cutar, ƙararrawa ta kaɗa, sai a tura samfur a binciki kelch13. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son a riƙa gwada ingancin magani a zaɓaɓɓun cibiyoyi aƙalla duk shekara biyu, a kuma sauya shi idan ya kasa warkar da kashi 10 cikin ɗari. Birnin Kudu tana da cibiyar lafiya ta tarayya, tana da kwalejin koyon aikin jinya, kuma majiyyata na zuwa mata daga Gwaram da Buji da ƙauyukan iyakar Bauchi. 'Yan majalisar da ke wakiltar waɗannan ƙananan hukumomi a Dutse da Abuja suna da damar tambayar Ma'aikatar Lafiya ta jiha, a rubuce, kwalaben allurar atimisinin nawa suka shiga yankin a daminar bara, da kuma mutum nawa aka kwantar da matsananciyar maleriya a daidai wannan lokaci, sannan a ajiye adadin biyu gefe da gefe.